Yadda Na Nemo wa Ɗakina Haske

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kafanchan, na gano abin da ke hana ni karatu: duhun ɗakina. Jinkar da mahaifina ya ɗora ta sauko har ta kusa rufe taga. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Mutumin da ya iya rubuta sunansa ai ya wuce zaman duhu.

Na ɗauki lauje na zagaye ɗakin, na datse ciyawar tsaf. Haske ya shigo kamar gidan ma'aikacin jirgin ƙasa.

"Baban Ladi," in ji matata, "ciyawar nan ce fa ke tare wa bango ruwa."

"Ke dai ba ki shiga aji ba," na ce mata.

Damina ta sauka. Ruwa ya dinga dukan bangon laka, ina yaɓawa yana zubewa. Wata Lahadi muka dawo daga sujada, muka tarar bangon gabas ya kwanta, akuyar maƙwabci tana hutawa a kan gadonmu.

Har yau in na wuce, matan zumunta na cocinmu sai su ɗaga murya: "Sannu, Wanzami! Gobe ka biyo da laujen, ɗakin Fasto ya tara suma."