Yadda Za Ka Kai Surukinka Jirgin Makka a Tsohuwar A-kori-kura Ba Tare da Ka Taka Gareji Ba

Ɗan'uwa, tunda kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka, kowane ma'aikaci a Wudil ya sayi abin hawa. Idan rabonka tsohuwar a-kori-kura ce, matso kusa. Ni Sharhabilu ban taɓa mallakar mota ba, amma babu motar garin nan da ban tura ba. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari makanike ba zai ga ko kwabonka ba. Maƙwabcina Ƙasimu, malamin firamare, ya bi su wata Juma'a da ya ɗauko surukinsa Malam Dattijo daga Darki zai kai shi sansanin alhazai a Kano. An riga an sanar: wanda bai iso kafin la'asar ba, sai dai baɗi.

1. Batir: ka nemi gangara

Bilya makanike zai ce maka batirinka ya mutu, sabo naira ashirin da biyar. Kada ka kula shi. Allah ya yi gangara kyauta. Duk inda za ka tsaya, ka tsaya hancin mota na kallon ƙasa.

Ƙofar gidan Malam Dattijo shimfiɗe take kamar tabarma, amma Ƙasimu bai damu ba, domin 'yan rakiya sun taru. Ka lura: mai rakiyar maniyyaci ba ya ƙin tura mota, lada yake nema. Sun tura tun daga masallaci har bayan gari. Da ta tashi, hayaƙin da ta sake musu shi ne sallama.

2. Lagireto: ka tafi da kayan miya

Tsohuwar mota tana shan ruwa, kuma ba ta riƙe shi. Idan tururi ya taso, ka ce tana gumi ne saboda ƙoƙari. Liƙi a wurin Bilya naira huɗu ne. Garin kuka kuwa, akwai shi a guzurin surukinka.

Ƙasimu ya durƙusa ya ce, "Baba, ko za a taimaka da ɗan garin kuka?"

"Miya za mu kaɗa a nan, Malam Ƙasimu?"

"A'a, Baba. Mota ce za ta sha."

Tsohon ya kwance ƙullin da 'yarsa Safara'u, matar Ƙasimu, ta daka masa don ya ci tuwo a Makka. Aka zuba a lagireto, yoyo ya tsaya. Duk ƙauyen da suka ratsa, mata na jin ƙamshin miya, suna leƙowa su ga gidan da ake biki.

3. Fambel: ka duba jikinka

Fambel igiyar roba ce da ke juya fankar inji, kuma ba ta tsinkewa sai inda babu ko inuwa. Sabuwa naira biyu. Kai kuma kana ɗaure da tazuge tun safe yana zaman banza.

Nan ne ake gane namiji. Ƙasimu, wanda tun da ya yi aure bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban surukinsa ba, ya zagaya bayan mota ya zare tazugensa, ya ɗaura wa inji. Ya dawo hannu ɗaya na riƙe da wando. Malam Dattijo mutum ne mai kara: ya kafa ido a kan wata gonar dawa kamar shi zai saye ta.

Sai dai kashe mota yana nufin sabon turi, kuma babu kowa a hanya. Tsohon ya naɗe hannun babbar rigarsa ya sauka. Kada ka ji kunya idan haka ta same ka. Ka ce masa motsa jiki ne kafin Safa da Marwa.

4. Ƙara: ka fi ta ƙara

Za ka ji wani abu na ƙwanƙwasa a ƙarƙashinka. Ka buɗe rediyo. In babu, ka ja hirar damina da ƙarfi. Idan wani ƙarfe ya faɗi a titi kuma mota ta ci gaba da tafiya, to dama nauyi yake ƙara mata.

5. Birki: ka karanta hanya

Daga cikin garin Wudil zuwa gada gangara ce, kuma ranar Juma'a shanun kasuwar kara sun cika titi. A nan Ƙasimu ya taka birki, ƙafarsa ta wuce har ƙasa kamar ya taka kunu. Yana bukatar hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a giya, ɗaya a wando.

"Malam Ƙasimu, kamar muna sauri."

"Saboda la'asar ne, Baba."

"To ka saki wandon. Na yafe."

Ya saki. Suka ratsa tsakanin bijimai biyu, suka ɗauke rumfar wani mai rake har da raken, suka je suka soke hanci a tulin yashin da masu haƙa suka tara a bakin kogi. Gyaran birki naira goma sha biyu ne. Yashi kuwa, ko tambayarsu suna bai yi ba.

Malam Dattijo ya fito, ya tofar da yashi, ya ɗora akwatinsa a ka. Wata babbar motar shanu za ta bi ta Kano, ya haye can sama ya zauna a kan katako, ƙahonni a ƙarƙashinsa. Daga can ya leƙo ya ce, "Allah ya yi albarka. Kada ka biyo ni." Ya isa ana kiran sallah, ya kuma samu jirgi. Ka ga amfanin tsari.

6. Idan makanike ya zo da kansa

Ka tuna, ba kai ka je gareji ba, shi ya zo kallo. Bilya ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashi, ya shinshina lagireto. Ya ce gyaran gaba ɗaya zai kai naira ɗari uku, ita kuwa da ɗari biyu aka saye ta.

"To mene ne mai lafiya a jikinta?" in ji Ƙasimu.

Bilya ya miƙa hannu ya danna ham. Ham ɗin ya yi tari ya mutu.

"Da shi zan ce," in ji shi.

A irin wannan lokaci ka gode masa, ka ce za ka yi shawara. Shawara ba ta da ranar ƙarewa.

7. Ka sake yin tayi

Da aka fara jigilar dawowa, Ƙasimu ya aika saƙo Makka ta hannun wani alhajin jirgin yawo cewa shi zai je ɗauko Baba a Kano. Amsa ta zo wa Safara'u: "Ki ce wa mijinki na gode ƙwarai. Ki kuma ce masa ba a faɗi ranar saukarmu ba, in ma an faɗa, ban ji ba."

A kula

Duk wanda ya bi shawarar nan ya tsinci kansa a kogi, ko a gaban alƙali tare da mai rake, ko matarsa ta daina yi masa magana har bayan Sallah, kada ya doso ƙofata. Ni a baya nake tsayawa, kuma abin da mota ta yi bayan ta bar hannuna, tsakaninku ne.