Yadda Za Ka Shekara Uku Kana Gyaran Babur Ɗin Mahaifinka Bai Tashi Ba

Ka kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan yadda na tsara su, na ba ka tabbacin babur ɗin tsohonka zai yi ƙyalli har maƙwabta su riƙa leƙe ta kan katanga, amma injinsa ko tari ba zai yi ba. Ni ne Velaphi Mabhena na unguwar Luveve a Bulawayo, kuma duk garin nan babu wanda ya kai ni iya gyaran da ba ya ƙarewa.

Mataki na 1: Ka san wanda ya ɗauke ka aiki

Kai a zatonka Baba ne. Baba dai shi ya kira ni, ya yaye tamfol daga kan baƙin babur ɗinsa ɗan Ingila, wanda ya shekara talatin yana zagaya ƙauyuka a kansa yana duba wuraren wankan shanu. Ya ce in tayar masa da shi, yana so ya je Tsholotsho a kansa ya ga kabarin ƙanensa. Motar haya kuwa ya ce kada ma a fara, shi ba zai shiga ƙauyensu a matse tsakanin kaji da buhunan masara ba. Shekararsa tamanin ba ɗaya, idonsa ya yi yana, har kwanan baya ya tsaya ya gaida tankin ruwa yana tsammanin fasto ne.

Mai aikin ta gaskiya tana kicin. Mamana, MaTshuma, tana cikin tuƙa tuwon masara ta nuna ni da muciya.

“Ka gyara masa, kada ka karya masa zuciya,” in ji ta. “Amma ranar da abin nan ya yi kuka, ranar zan sa baƙaƙen kaya, kai kuma ka nemi wata uwar.”

To ka ji aikinka. Ba sai ka iya tuƙa babur ba. Ni sau ɗaya na taɓa hawan wannan, ina ɗan shekara sha biyu, na zuba shi cikin kejin kaji na gudu gidan kakata, daga nan ban sake ba.

Mataki na 2: Ka kwance komai

Makanikin kirki yana kwance abin da ya lalace. Kai ka kwance har abin da yake lafiya lau. Ka baza su a baranda, noti a gwangwanin man shanu, sarƙa a tsohon baho cikin kananzir, tanki a kan kujerar baƙi. Asabar kawai za ka riƙa zuwa, kuma rabin yinin ka yi shi wajen neman sifana mai lamba goma.

Tsohon zai jawo kujera ya zauna kusa da kai. Duk ƙarfen da ka miƙa masa zai shafa da yatsa ya faɗi sunansa, da shekarar da ya canja shi, da sunan saniyar da ta taɓa tunkuyinsa a ranar. Kai dai ka ci gaba da gogewa.

Mataki na 3: Ka ɗora laifin a kan hanya

Kayan tsohon babur ba sa samuwa a gari, kowa ya sani, sai daga Johannesburg. Saboda haka duk Asabar ka ce kaya suna hannun malayitsha, direbobin nan masu kawo saƙo daga ƙetaren iyaka. Wannan makon an tsare su a kan gadar iyaka, wancan makon tirela ta yi faci, na gaba an kai kwalin Gwanda bisa kuskure. Da wannan kaɗai na ci wata takwas.

Sai dai ka yi hattara da 'yan'uwa masu ƙwazo. Na manta ban sa yayata Sithokozile cikin shirin ba, ga ta can a Johannesburg. Baba ya yi mata ƙorafi a waya, cikin kwana tara sai ga kwali har ƙofar gida, komai da komai, har da gilashin fitila. Na buga mata na yi godiya ina cizon haƙora.

Mataki na 4: Fenti

In kaya sun iso duk da ƙoƙarinka, ka koma fenti. Ka fesa, ka ce bai kwanta ba, ka kankare. Da damina ka ce laima ta yi yawa, da sanyi ka ce ba zai bushe ba. Shekara guda ce a nan, in kana da kunya kaɗan.

Mataki na 5: Ka zare abu ɗaya ƙarami

Rana za ta zo da dabara za ta ƙare, dole ka haɗa shi. Ka haɗa shi tsaf, sannan ka buɗe kabireta ka zare 'yar ƙusar tagullar nan mai rami, ka toshe gurbinta. Ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, amma ta nan mai yake bi.

Yanzu ka tara jama'a ka yi ta buga kik har rigarka ta jiƙe. Ka girgiza kai, ka zagi man fetur na zamani. Baba ya karkata kunne ya ce ƙishirwa yake ji, mai ba ya isa gare shi. Na ce haba Baba, ai na duba sau uku. Ya ce to, ni kuwa na ɗauka na ci nasara.

Mataki na 6: Kada ka bar Mama ta zaɓi maɓoya

Na ba ta ƙusar, ta ce ta san wurin da Baba bai taɓa ganowa ba. Likita ya hana Baba sukari shekara shida ke nan, tun lokacin ta ɓoye gwangwanin a bayan buhun gari, a ƙasan kabad. Cikin sukarin ta tura ta. Abin da ba ta sani ba, duk ranar Alhamis in ta sa jar rigarta ta tafi taron matan coci, Baba yakan lallaɓa da cokalinsa. A cokali na biyu ya kusa rasa haƙori.

Mataki na 7: Babu

Asabar da safe na karyo kwanar layinmu ke nan na ji shi, wani gurnani mai kauri da rabona da ji tun ina yaro. Na sheƙa a guje. Ga babur a tsakar gida yana rawa a kan jakinsa, ashe da laluben yatsa Baba ya mayar da ƙusar gurbinta. Ga Mama a bakin ƙofa, hannu biyu a ka. Ga Baba cikin tsohuwar kwat ɗinsa ta kaki da hular kwano, a zaune daram a kujerar baya.

“Na ce zan je a kansa,” ya ce. “Wa ya ce muku ni zan tuƙa? Ido ne ya tafi, ba hankali ba.”

Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu. Ya ce tun shekarar farko ya gane mu, don babu malayitshan da yake kai kwali Gwanda sau uku. Ya ce makanikai sun cika gari, da gyara kawai yake so ai da ba ni ya kira ba.

“Da ina da wasu shekara ukun, da na bar ka ka ci gaba, don ina jin daɗin Asabar ɗin nan. Ba ni da su, Velaphi. Ka gudu daga darasi na farko. Hau, ga na biyu.”

Kunya ta kama ni, tsoro ya kama ni, na hau. A ranar cikin shingen maƙwabta muka ƙare, Baba yana dariya har da hawaye, Mama tana kiran sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Asabar tara ya yi yana koya mini, yana jin giya da kunne yana dukan kafaɗata in na makara. A ta goma muka kama hanyar Tsholotsho, awa biyar, jakuna ma suna wuce mu. Mama ta biyo mu a motar haya da kwanon abinci, ta riga mu isa da awa biyu. A bakin kabarin bai saki kafaɗata ba har ya gama gaya wa ƙanensa abin da ya zo gaya masa.

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da hannu a karyewar shinge, tashin sukari, fushin uwa ko ƙunar salansa a ƙwauri. Wanda kuma ya bi matakan nan da kyau fiye da ni, har aka ɗauki tsohonsa zuwa makabarta babur yana baranda yana ƙyalli bai tashi ba, kada ya zo ya ce ni na sa shi. Tun a mataki na shida na gaya masa inda gwangwanin yake.