Ladan Toshe Kafa

A wani daji da itatuwansa suka fara ƙaranci har ana iya hango ƙarshensa daga tsakiya, akwai wata Bushiya da ke zaune da mahaifiyarta, Inna, a cikin tsohon suri da gara suka bari suka ƙaura. Gida ne mara kyan gani, ba taga, ƙofarsa ma sai an sunkuya. Amma garar da ta gina shi ta bar siraran hanyoyin iska a cikin bango, saboda haka da bazara yakan yi sanyi kamar randa, da ɗari kuwa ya riƙe ɗumi har tsohuwar ba ta taɓa neman a hura mata wuta ba. Bushiya ba ta san dalilin haka ba. Yadda ta tarar da gidan ke nan.

Sauran dabbobi kuwa itace suke ƙonawa don jin ɗumi, kowa ya sara ya ja zuwa gida, har inuwa ta fara wuya. Da ɗari ya kama sai majalisar yankin ta kira taro. Gwanki, shugaban majalisa, ya miƙe ya gyara murya ya ce:

"'Yan'uwana mazauna wannan daji, rigakafi ya fi magani. Mun duba mun ga ba sanyi ne ke cinye mana itace ba, gidajenmu ne ke yoyon ɗumi kamar kwando. Don haka majalisa ta yanke shawara: duk wanda ya toshe kafofin gidansa har wutar da yake hurawa ta ragu, za a ba shi tallafin gero daga rumbun jama'a, a kuma shafa masa farar ƙasa a ƙofa don a san shi mai tattali ne. Wanda kuwa damina ta same shi ba alama a ƙofarsa, sai ya tattara ya koma bayan dutse, ya yi ta ɓarnarsa shi kaɗai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Aka yi ta tafi. Bushiya ta koma gida hankali kwance, ta gaya wa Inna cewa ai su tasu alamar a hannu take.

Hawainiya aka naɗa duba-gari. Ta iso gidan Bushiya a tafiyarta ta sarauta, ido ɗaya a bango, ɗaya a tukunya. Ta tambayi yawan itacen da aka ƙona bara, aka ce babu. Ta tambayi na bana, aka ce shi ma babu. Hawainiya ta sauya launi, sannan ta ce ke nan ba a rage komai ba a gidan nan.

"Ranki ya daɗe," in ji Bushiya, "me ake ragewa daga babu?"

"Wannan tambaya ta fi ƙarfin ofishina," in ji Hawainiya. "Ni ragi aka turo ni in gani."

Bushiya ta kai kuka wurin Gwanki. Ya saurare ta da kyau, ya ce lallai maganarta abin dubawa ce, kuma za a miƙa ta ga kwamiti. Shugabar kwamitin ita ce Kura, wadda ta yaye rufin ɗakinta gaba ɗaya ana gobe za a zo duba, ta mayar da rabi bayan an tafi, ta zama ta farko da aka shafa wa farar ƙasa. Kwamitin ya zauna, ya ci abinci, ya ɗage zama.

Ana nan sai ga Dila, wanda shi kaɗai majalisa ta amince da yaɓensa, ya zo gaishe da Inna. Bayan gaisuwa ya ja Bushiya gefe ya nuna mata cewa doka ba ta ƙi ta ba, ita ce dai ba ta ba doka wurin kamawa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A huda surin nan, iska ta shigo, a hura wuta yadda duba-gari za ta gani da idonta, sannan shi ya zo ya toshe. Ladansa kuwa ba wani abu ba ne, a cikin geron ma za a cire.

Inna ta ce ita tana tsoron garin neman gira a rasa ido. Bushiya kuwa ta yi tunanin bayan dutse, inda ba ruwa sai an gangaro, ga tsohuwa da ko bakin ƙofa ba ta kaiwa sai da sanda. Da safe ta aika a kira Dila.

Aka huda surin ta gabas da yamma. Sanyi ya shigo, Bushiya ta shiga layin masu saran itace, ta koyi hura wuta da girmanta. Hawainiya ta dawo ta ga hayaƙi na tashi, ta ce yanzu kam akwai abin dubawa. Dila ya zo da lakarsa ya toshe kafofin da ya huda, kuma da yake shi mai son aiki ya yi kyau ne, ya bi bangon ciki da waje ya shafe shi sumul, har da siraran hanyoyin da gara ta bari. Wuta ta ragu. Aka shafa farar ƙasa a ƙofa, aka auno gero, Dila ya ɗauki nasa, Hawainiya ta karɓi na goro, Bushiya ta shigo da sauran a tafin hannu.

Da bazara ta zo ɗakin ya zama tanda. Da damina bango ya yi ta gumi, shimfiɗa ba ta bushewa. Inna ta kamu da tari, ta koma zama a bakin ƙofa ƙarƙashin alamar, duk wanda ya wuce ya yi mata barka ta amsa da ladabi. Da ɗari ya dawo, sanyin ya kama laka ya ƙi fita, ba yadda za a yi sai da wuta. Bushiya ta nemi gara su dawo su gyara, suka ce su ba sa aiki a kan yaɓen wani.

A taron shekara Gwanki ya ba da labarin nasara. Ya ce babu gidan da aka duba da bai rage ƙona itace ba, ya kuma kira Bushiya ta tsaya a gaban jama'a a matsayin abin koyi, domin ragin da aka gani a gidanta ya fi na kowa. Aka yi mata tafi. Ta yi godiya, ta nemi izinin tafiya da wuri saboda masu itace suna watsewa kafin la'asar, kuma yanzu sai an yi nisa ake samu.

Har yau baƙo in ya shigo dajin ya tambayi gidan da ya fi kowanne tattali, ba a wahalar yi masa kwatance. Sai a ce ya bi hayaƙi.