Gadar da Leɓen Baba Mijinyawa Ya Gina

Jiya lorin Wada ya kafe a tsakiyar ƙorama, a hanyar Hawata, ɗauke da riɗin innata Jummare. Nomanta na shekara guda ke nan, kuma riɗi in ya sha ruwa ya tashi daga aiki. Muka tuɓe riguna muka shiga jidar buhu a ka. Ruwa iya gwiwa, muna hango sabuwar gada can hagu, fara fat, awaki na hutawa a ƙarƙashinta kan busasshiyar ƙasa.

Allah ya ƙara wa Masu Girman Sa-hannu, manyan gwamnati masu aikin gadar, lafiya. Shekara tara suna ginin nan. Kuɗin da aka faɗa da farko ya ninka sau huɗu, wai sun gano baƙar ƙasarmu tana kumbura da damina. Mu ma mun gode da labari.

Yadda gada ta saɓa da ruwa kuwa, duk unguwa an sani. Muhandis, wato injiniya, ya zo awo da rani, ƙorama a bushe, ya tambayi maƙwabcinmu Baba Mijinyawa ina ruwa ke bi. Baba ya nuna da baki, kamar kowane dattijo. Sai dai ranar ya cusa tumbak, garin taba, a leɓe ta hagu, bakin ya karkace. Muhandis ya bi leɓe, ya kafa turke.

Na taɓa tambayar Baba me ya hana shi gyara musu. Ya ce ya zaci masu ilmi sun san wani ruwan da shi bai sani ba.

Yanzu an naɗa kwamiti. Ya binciko cewa gada daidai take, ƙorama ce ta yi kuskure, ita za a matsar. Wannan aikin zai ci kuɗin gada biyu.

Da ƙyar tarakta ta jawo lorin. Buhu uku sun jiƙe. Inna ta tsaya tana kallonsu. Sai ga mai rasit a kan jaki, ya ce kuɗin gada.

"Ya zol, bawan Allah, mu da muka ƙetare da ƙafa?" in ji Wada.

"Ma'alesh, sai haƙuri. To ku zagayo ku hau ta, kada kuɗinku ya tafi a banza."

Muka biya, muka zagaya, muka hau. Gaskiya ginin ya ginu, ko girgiza ba ta yi. A kanta ma Inna ta baza riɗin ya sha rana, ya tsira. Duk ƙasar Gadarif ba wurin da ruwa ke tsoro kamar nan.