Injin Yaya Bashir

Ranar da Yaya Bashir ya ce kamfaninsu na wasannin harbi a kwamfuta zai rufe saboda injinsu ya tsufa, a raina har na hango kaina na ceto kamfanin, ana ta tafa mini. Mako guda na yi ina nazarin littattafan janareta, sannan na ɗauko bakanike daga Madinar Masana'antu, unguwar masu gyaran injina.

Muna shiga ofishin ya dire akwatinsa. "Yalla, maza, ina injin?"

Yaya ya nuna allon kwamfuta, kafaɗunsa na rawa don dariya. "Ga shi, manhaja ce. A zuba mata baƙin mai."

Kamfanin dai ya rufe. Har yau, in wayar Umma ta maƙale, sai ta nuna ni ta ce, "A kira Injiniya, ya taho da sifana."