Talato Ta Koma Wurin Uwarta

“Ya ƙarin haƙuri, Ilbudo?”

“Da godiya.”

Tun da Rasmane Ilbudo ya koma aiki bayan rasuwar ’yarsa Talato, gaisuwar ke nan. A yi ta ƙasa-ƙasa, a wuce. Ofishin ɗaki biyu ne a Wagadugu, suna rubuta wa ƙananan asibitoci manhajar rigakafi. Yau da la’asar za a miƙa aikin, ga shi ya cije. Manhajar kan fitar da bayanin kowane gida a fayil na XML, abu cikin abu kamar jeren ƙwarya: gida, cikinsa uwa, cikinta yara, ƙarƙashin kowane yaro ranar allurarsa ta gaba. Gidan da ake gwaji da shi na Rasmane ne, don tun bara ya zuba sunayen iyalinsa, yadda masu sana’ar kan yi in suna sauri. A cikin manhaja yaran biyu ne, Isaka da Talato. A fayil ɗaya ke fitowa. Talato ba ta fitowa. Kowa a ofis ya gani, an rasa mai buɗe baki.

Ana haka aka banko ƙofa.

“Ina bawana? Tashi ka karɓi jakar uwargijiyarka!”

Korotimi Drabo ce, abokiyar aikinsa, ta dawo daga garinsu Tugan. Ita ’yar ƙabilar Samo ce, shi Mosi, ƙabilun biyu abokan wasa ne, tun kakanni kowa na kiran ɗan’uwansa bawa. Ranar jana’izar ta je, ta zauna kusa da matarsa Azeta har yamma, ba tsokana ko ɗaya. Ba a wasa a kan gawar yaro. Daga ranar bai sake jin an zage shi ba.

“Sannu da hanya,” ya ce.

“Sannu da hanya? Ni ce baƙuwarka? Wa ya lalata mini bawa ina can?”

Ya dube ta. “Kun cinye karnukan Tugan ne kika dawo?”

“Sai guda, rama ta yi masa yawa, na sa masa sunanka na bar shi. Matsa in gani. An ce tun safe kake kallon allo kamar jaki a bakin kasuwa.”

Ta jawo kujera, ta karanta fayil ɗin daga sama har ƙasa. Gida. Azeta. Isaka. A nan ya tsaya.

“Ina ɗayar?”



“Tana cikin manhaja,” in ji Rasmane. “A hanyar fita take ɓacewa.”

“Da can tana fitowa?”

“Tana fitowa.”

“To me hannun Mosi ya taɓa? Don ku ko tulu kuka gaisa da shi sai ya tsage.”

“Ranar allurarta na goge. Kullum na kunna sai ta tuna mini saura kwana kaza.”

Korotimi ta sunkuyar da kai, ta gyara ɗankwalinta da bai kwance ba. Da ta ɗago, muryarta na nan yadda take.

“Buɗe mini inda ka tsara abin da ke shiga cikin wani. Ƙasa. Ƙasa dai, ba sarautar ubanka kake hawa ba. Tsaya. Karanta.”

“In babu komai, a tsallake.”

“A kan wa ka ɗora umarnin?”

Ya duba. “A kan yaro.”

“A kan yaro! An ce in babu rana a bar ranar, kai ka ce in babu rana a bar yaron. Wa ya ba ku takardar jami’a ne, ku mutanen nan?”

“Wanda ya koya muku sa takalmi.” Ya murza ido. “Korotimi, bari in cire gidana gaba ɗaya, in zuba sunayen ƙarya. Gwajin zai wuce.”

“Zai wuce mana. Gobe duk yaron da ya gama allurarsa, ba shi da rana ta gaba, ya ɓace daga asibiti, uwarsa ta zo a ce ba a san shi ba. Yarinyar nan ta kama maka kuskuren da mu manya muka kasa gani, za ka kore ta?”

“To ke gyara.”

“Ni? Yaushe uwargijiya ta fara yi wa bawa noma? Hannunka ya yi, hannunka zai kwance.”

Layi ɗaya ne. Ya yanke umarnin daga kan yaro, ya sauko da shi kan rana. Yatsansa ya tsaya a bisa maɓalli, ya ƙi sauka.

“Danna, raggo. Ina nan.”

Ya danna. Gida. Azeta. A cikinta Isaka, da ranar allurarsa. Kusa da shi Talato, sunanta da ranar haihuwarta, ƙarƙashinta babu komai.

Rasmane ya yi ta kallo. Wani daga cikin ma’aikatan ya tashi ya fita a hankali.

Korotimi ta zaro gorar zom-kom daga jakarta, ruwan geron nan mai tsamiya, ta dangwara masa. “Sha. Irin na asali ne, ba wanda kuka sato wurinmu kuka ɓata ba.”

“Ku da gero ma a wurinmu kuka fara ganinsa.” Ya kurɓa. Abin da ya fito daga ƙirjinsa rabi dariya ne, rabi ba ita ba. Ya share fuska da bayan hannu. “Shi ke nan. Yau ɗaya, ke ce uwargijiya.”

“Gobe fa?”

“Gobe ki zo da wuri,” ya ce. “Akwai shara.”