Zoɓon Ranar Lefen Hafsa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min komai, da ranar da aka kawo lefen 'yata Hafsa. Har yau in na ga jarka sai gabana ya faɗi.

Maigidana ɗan kasuwa ne a Utako, amma zuciyarsa tana wurin kifayen adonsa da ke cikin akwatin gilashi a falo (kifin da ba a ci, jama'a, kallonsa kawai ake yi). Da muka koma Jiwa sai suka fara mutuwa ɗaya-ɗaya. Ya ɗebi ruwan famfonmu a 'yar kwalba, ya ɗiga wani magani, ruwan ya koma ja jawur. Ya ce wai naitiret ya yi yawa a ciki, wani sinadari irin na takin zamani da ke tsattsafowa daga gonaki zuwa rijiyar bohol.

Tun daga nan yake sayo tataccen ruwa daga masu fiya wata, wato ruwan leda, ya gauraya da ɗan na famfo a jarka. Duk mako sai ya sa tiyo ya zuƙe wani kaso na tsohon ruwan akwatin, da kashin kifin da komai, ya tara a wata jarkar don ban ruwan alayyahunsa, sannan ya juye sabon. Na ce, "Malam, wato mu mu sha na famfo, kifi ya sha na masu kuɗi?" Ya ce, "Ke a cikin ruwan kike kwana?"

To, ranar lefe na dafa zoɓo mai kauri, da citta da kanumfari da abarba, na tace. Na zo sirkawa sai na tsaya. Ruwan da kifi ma ya raina, shi zan ba surukai? Ga dangin angon 'yan gayu ne, kuma an riga an tsegunta min cewa gwaggonsa, Hajiya Turai, daga tsabtar uwa take auna 'ya. Na lallaɓa bayan falo, na jijjiga jarkokin nan biyu. Ɗaya fayau, ɗaya cike. Na kinkimi mai nauyin na tuttula a zoɓo, ina jin kaina wata mai dabara. (Ashe Malam ya canja wa kifinsa ruwa tun da safe don baƙi su ga akwatin tas. Mai kyan ya riga ya juye wa kifi, mai nauyin nan tsohon ruwan ne.)

Baƙi suka zo, aka yi guɗa, aka buɗe akwatuna, aka zagaya da zoɓo a kofunan gilashina na ganin baƙi. Hajiya Turai ta shanye, ta miƙo kofi. "Maman Hafsa, ƙaro min. Wannan zoɓo akwai wani ɗanɗano a ƙasansa, mene ne sirrin?"

Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. "Ai Hajiya ruwan ne. Na musamman ne, ba kowa muke ba shi ba."

Ta kai kofi na biyu rabi, sai ta ɗaga shi saitin taga, ta gyara tabarau. "Wannan kanumfarin naki tafiya yake yi?"

Muka leƙa. Ɗan mitsitsin dodon koɗi ne, irin waɗanda ke manne da gilashin kifi, yana hawa bangon kofin a hankali abinsa.

Innalillahi! Kafin in haɗa ƙaryar da zan yi, sai ga muryar Malam daga bayan taga, da ƙarfinsa na ɗan kasuwa: "Maman Hafsa! Wa ya juye min jarkar kashin kifi? Alayyahuna zan ba!"

Wata ta ajiye kofi kamar ya ƙone ta. Wata 'yar Nyanya ta dafe ƙirji tana cewa, "Madam, kofi uku fa na sha!" Hajiya Turai ta dubi kifayen, suna ta buɗe mata baki, ta dube ni. Wallahi na hango akwatunan lefen nan suna komawa mota. Na durƙusa na faɗi gaskiya tun daga jar kwalba har jarka, ina hawaye.

Hajiya Turai ta ce, "Wato don ki girmama mu kika yi wa kifi sata." Sai dariya ta ƙwace mata har tabarau na zamewa. Ta ce lefe ya zauna, amma in cikinta ya murɗa ni zan yi jinya. Allah ya rufa asiri, ba wadda ta kwanta.

An yi biki lafiya. Sai dai har gobe in dangin mijin Hafsa za su zo gidana, kowace da gorar ruwanta a jaka, su ce wai likita ne ya sa su. Ni ma na koyi nawa: in za ki yi wa baƙi bajinta da abin sata, ki fara tsiyaya shi a farin kofi ki duba da kyau, kuma in an yaba, ki ce na gode ki rufe bakinki.